Sannunku da Aiki, 'Yan Ajin Kalkulas

Duk shekara, idan aka manna sakamakon zango na biyu a allon sanarwa, ko aka ɗora shi a shafin intanet na jami'a kamar yadda ake yi yanzu, akwai layi guda da 'yan aji ɗaya na kimiyya da injiniyanci ke fara lalube kafin su duba sauran. Layin kalkulas ne. Wanda ya ga ya haye sai ka ji ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, ya buga waya gida. A gidan kuwa ba lalle ne a gane girman abin da ya faru ba. Za a ce masa Allah ya yi albarka, a tambaye shi yaushe zai zo hutu, shi ke nan. Ba walima, ba hoto, ba mai ɗinka anko. To ni yau na ɗauki alƙalami ne don in yi wa waɗannan yara jinjinar da ta dace da su, su da malaman da suka tsaya a kansu. Yabon gwani ya zama dole, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Bari in fara da faɗa wa iyaye abin da 'ya'yansu suka karanta, don ba a jinjina wa mutum a kan abin da ba a san shi ba. Lissafin da muka tashi da shi, na kasuwa da na awo da na rabon gado, lissafi ne na abin da ke zaune wuri ɗaya: buhu 12, kowanne a kan kuɗi kaza, jimla kaza. Shi kuwa kalkulas ruwansa da abin da ba ya zama. A ɗauki tulu a tara a bakin famfo. Ruwan da ke zubowa bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma hawansa a cikin tulun ba ɗaya ba ne. A gindi, inda tulun ya tsuke, yana hawa da sauri. Da ya kai ciki, inda ya buɗe, sai ya yi nauyi kamar ba ya motsi. Da ya kama wuya kuma sai ya taso a guje, kuma duk yarinyar da ta taɓa ɗebo ruwa ta san nan ne ake hanzarin rufe famfo, in ba haka ba zane ya jiƙe. Tambayar farko da kalkulas ke amsawa ita ce: a daidai wannan ƙiftawar idon, ba a cikin minti ɗaya ba, ba a cikin daƙiƙa ɗaya ba, da wane sauri ruwan ke hawa? Wannan shi ne ɓangaren da ɗalibai ke kira difarenshiyeshan. Mu ce masa lissafin saurin canji.

Tambaya ta biyu kuwa: tulun nan da ba shi da kusurwa, ba shi da miƙaƙƙen gefe da za a ɗora magwaji a kai, ruwa nawa zai ci? Dabarar ita ce a ɗauka an yanyanka shi faifai-faifai tun daga gindi har baki, a lissafa abin da kowane faifai zai ɗauka, a tara. Gwargwadon sirantar faya-fayan, gwargwadon kusantar amsar gaskiya. Wannan shi ne intagireshan, lissafin tarawa. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne waɗannan tambayoyi biyu, da ba su yi kama da juna ba ko kusa, ashe ɗaya warwarar ɗaya ce, kamar saƙa da kwance ta. Wanda ya san saurin hawan zai iya gano jimlar, wanda ya san yadda jimlar ke taruwa zai iya gano saurin. Da wannan ilmi injiniya ke lissafa ƙarfin da ruwa ke dannawa a jikin madatsar Tiga ko ta Kainji. Da shi ake gano yadda magani ke raguwa a jinin majiyyaci, da yadda annoba ke yaɗuwa a gari, da irin lanƙwasar da gada za ta yi idan tirela ta hau kanta.

Ba a kwana ɗaya aka gina wannan ilmi ba. Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya fara yanka siffofi ƙanana-ƙanana yana tarawa don gano faɗinsu. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira ya rasu wajajen 1040, ya gano yadda ake tara lambobin da aka ninka kowacce da kanta sau huɗu, ya yi amfani da haka wajen lissafa cikin wata siffa mai kama da ƙwarya. Sai a 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe Jami'ar Kembirij a Ingila, Niyuton ya koma ƙauyensu ya haɗa kan al'amarin. Laibniz na Jamus ya gano nasa daban, ya buga shi a 1684, kuma alamominsa ne yaranmu ke rubutawa har yau: dy/dx ɗin nan da doguwar S mai kama da ƙugiya. Duk da haka tushen abin bai zauna ba. A 1734 wani bishop ɗan ƙasar Ayalan mai suna Bakli ya fito ya ce masu wannan lissafi suna raba abu da wata lamba, sannan su juyo su ce lambar sifiri ce, wane irin aiki ne wannan? Kuma sukarsa tana kan hanya. Sai da Koshi na Faransa ya zo a 1821, bayansa Wayastiras na Jamus, kafin a zaunar da maganar iyakar da lamba ke dosa, wadda ake kira limit, a kan ƙafafunta.

Na kawo wannan tarihi ne don a gane nauyin kayan. A tsarin karatun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022, wannan darasi shi ne MTH 102, kuma awa 30 na lakca aka ware masa. Wato abin da ya ɗauki manyan masanan duniya shekara wajen 2,000 suna kai gwauro suna kai mari, shi ake so yaro ɗan shekara 18 ya haɗiye cikin mako 15. Idan ɗanka ya ce maka limit ya ruɗa shi, kada ka ce ba shi da kai. Ya ruɗa waɗanda suka ƙirƙiro shi ma fiye da shekara 150.

Sannan a duba a wane hali suka karanta shi. Da yawansu sun fito ne daga sakandaren da ba a taɓa samun malamin Further Maths a cikinta ba, ɗan tsakuren kalkulas da ke cikin lissafin gama-gari kuwa yana can ƙarshen littafin aji shida, inda sau da yawa jarrabawa ke riskar aji ba a kai gare shi ba. Sun shigo jami'a suka tarar da zauren lakca cike maƙil, ɗaruruwan mutane a ɗaki ɗaya. Mai son ya ga allo sai ya fito daga sallar asuba ya je ya aje littafi a kujerar gaba. Wanda ya makara sai tsayuwa a bakin taga, yana leƙe ta kan kafaɗar wani, yana kwafar abin da na gabansa ya kwafa daga na gabansa, har alamar ragewa ta koma ta tarawa a hanya. Zango na biyu kuma sau da yawa yakan faɗo cikin bazara, lasifika ta mutu, fanka ba ta juyi. Da dare a yi karatu da fitilar waya, a kan hoton shafukan littafin lissafi na Stroud da aka yi wa kwafi har rubutun ya dusashe. Waɗanda ke jami'a a 2022 sun ga yajin aikin ASUU, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Lissafi kuwa ba ya son a bar shi ya huce. Wanda ya aje shi wata takwas, in ya dawo kamar bai taɓa ganinsa ba.

Akwai kuma wani nauyi da ba a cika faɗa ba. Yaron nan da Hausa yake tunani, da Turanci ake masa bayani, da alamomi yake amsawa. Harshe uku ke nan a kan tambaya ɗaya. Takwaransa na Maraɗi ko Damagaram haka yake fama, sai dai shi da Faransanci, kuma sunan darasin a wurinsa analiz. Duk wanda ya haye cikin wannan hali ba sa'a ce ta haye da shi ba.

Ina so in ware 'yan mata da matan aure in yi musu tasu jinjinar daban. Na ga mace ta shigo zauren lakca da goyo, yaron ya fara kuka ana tsakiyar ƙa'idar sarƙa, ta fita ta lallashe shi a baranda tana sauraro ta taga, ta dawo ta ci gaba da rubutu daga inda ƙawarta ta tsaya mata. An daɗe ana ce wa 'ya'yanmu mata lissafi ba nasu ba ne, su nemi abu mai sauƙi. Duk wadda sunanta ya fito a layin waɗanda suka haye ta ba da amsa ba tare da ta ce uffan ba. Mijin da ya riƙe yara ranar tes, da uwar da ta ɗauke wa 'yarta girki a makon jarrabawa, su ma suna da kaso a cikin makin.

Sai malamai. Wanda bai taɓa duba takardar jarrabawar lissafi ba bai san aikin ba. Ba a duba amsar ƙarshe kawai a wuce. Layi-layi ake bi, don yaro na iya bin hanya daidai ya yi tuntuɓe a mataki na biyar, kuma adalci ya ce a ba shi makin matakai huɗun da ya taka daidai. A ninka wannan da takardu ɗari bakwai ko dubu, a ɗora a kan mutum biyu ko uku, a ce musu su miƙa sakamako cikin 'yan makonni. Mutanen nan da ilminsu za su iya samun aiki a banki ko a kamfanin sadarwa, ko su bi sahun abokansu da suka tsallaka ƙetare. Suka zauna, alli ya ci musu hannun riga, suna maimaita ƙa'idar da suka maimaita bara da bara waccan, kuma har yanzu akwai a cikinsu wanda fuskarsa ke haske idan yaro ya yi tambaya mai ma'ana. Gado ne suke riƙe da shi. Farfesa Iya Abubakar, ɗan Adamawa da ya yi digirinsa na uku a Kembirij, ya shugabanci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978, tun a wancan zamani ya nuna cewa wannan fage ba a hana ɗan Arewa shi ba. Waɗanda ke tsaye gaban allo yau a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da sauran garuruwa, kan wannan turba suke. Allah ya saka musu da alheri.

Amma in za a tambaye ni wa ya fi cancantar a ɗaga wa hannu, zan ce waɗanda sunansu ba ya cikin takardar albashin kowa: yayyen ɗalibai masu tutoriyal. Ƙungiyoyin masallaci da na coci da na sashe da na 'yan gari ɗaya, kowacce na da wani ɗan aji uku ko huɗu da ke sadaukar da yammacin Asabar ɗinsa kyauta. Ni shaida ne, don ta hannun irinsu na tsira.

A shekarata ta farko, a jami'ar da ba sai na ambaci sunanta ba, maki 34 na ci a wannan darasi. Kariyoba ke nan. Na haddace ƙa'idoji tsaf kamar karatun allo, na shiga jarrabawa ina taƙama, malamin ya ɗan juya tambayoyin kaɗan, na zauna ina kallon takarda tana kallona. Da shekara ta zagayo, kunyar zama cikin ƙannena ta sa na koma kujerar can baya. Wani ɗan garinmu da ke aji uku ya lura, ya ce in same shi bayan la'asar a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin kwanansu. Allonsa wani guntun falanki ne da ya shafa wa baƙin fenti, ya jingina da itacen.

Ya rubuta x², ya ce, "Ƙanena, saurin canjin wannan fa?"

Na ce, "2x ne, Yaya."

Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Haka ƙa'idar ta ce."

Ya yi dariya ya ce, "To ita ƙa'idar wa ya gaya mata?"

Na yi shiru. Sai ya zana fili a ƙasa da tsinke, tsawo 3, faɗi 3. Ya ce nawa ne girmansa, na ce 9. Ya ce to a ƙara wa kowane gefe 0.1. Na lissafa, 9.61. Ya ce filin ya ƙaru da 0.61, raba shi da abin da muka ƙara. Na samu 6.1. Ya ce yanzu ƙara 0.01 kawai. Na samu 6.01. Ƙara 0.001. Na samu 6.001. Ya ce, "Ina ta dosa?" Na ce 6. "Ta kai?" Na ce ba ta kai ba, amma kullum ƙara matsowa take. Ya ce, "To ka ga limit da idonka. Kuma 6 ɗin nan, biyu sau nawa ne?" Na dubi 3 ɗin da ke rubuce a ƙasa, sai na ji kamar an buɗe mini taga a ka. Shekara guda ina rubuta 2x ban san daga ina ta fito ba, ga ta nan kwance a cikin rairayi, kuma da Hausa aka nuna mini ita. Ko kwabo bai karɓa ba. Iyakar abin da ya taɓa shiga tsakaninmu shayi ne da burodi, shi ma rabin lokaci shi ke biya.

Wannan labari nawa shi ya kawo ni ga ɓangare na biyu na maganar, don da sauran rina a kaba.

Cin jarrabawa daban, sanin kalkulas daban, kuma yaranmu da suka haye sun fi kowa sanin haka. Akwai hanyar hayewa da kowa ya sani: a tara tambayoyin shekaru biyar da suka wuce, a haddace yadda aka warware su, a kwana biyu ba barci, a je a juye, a fito a manta. Yanzu ma har da manhajar waya da za ka ɗauki hoton tambaya ta jero maka amsa mataki-mataki. Ban ce kada a yi amfani da ita ba, amma wanda waya ta yi wa aikin gida, ranar da aka karɓe wayar a ƙofar zaure zai gane ba a fafe gora ranar tafiya. Ga gwaji mai sauƙi ga duk wanda ya ci A. Mahaifinka yana da wayar shinge mita 100, yana so ya kewaye wa awakinsa wuri a jikin katangar gida, katangar ta zama gefe ɗaya. Yaya zai ja wayar wurin ya fi girma? Yawancin mutane za su raba ta uku daidai, su samu murabba'in mita 1,111 ko kusa da haka. Wanda ya san lissafin saurin canji zai ce a ja 25 daga katanga ta kowane ɓangare, 50 a gaba, a samu 1,250. Waya ɗaya, kuɗi ɗaya, an ƙaru da wurin da zai ɗauki ƙarin awaki. Idan mai A ya iya warware wannan a takarda amma bai gane shi ba da ya gan shi a bayan gidansu, to makinsa bai gama nuna ba tukuna. Kuma ba a gama da shi ba: a aji biyu darasin difarenshiyal ikweshan na jiransa, kuma a kan wannan harsashin za a ɗora shi. Ginin da aka yi wa harsashi da hadda, a nan yake fara tsagewa.

Ga malamai ma, bayan godiya, muna da roƙo. Na san awa 30 ba ta isa komai, na san yawan ɗalibai ya fi ƙarfin mutum. Amma makonni biyun farko, inda ake maganar limit, su ne ake yawan bi a guje don a kai ga ƙa'idoji, alhali nan ne ake rasa rabin aji. Minti goma da malam zai ɓata yana nuna 6.1 da 6.01 da 6.001 a allo, zai tsirar da yaran da ba zai taɓa sanin sunansu ba. Tambayoyin jarrabawa kuma, idan na bana ƙanen na bara ne, an koya wa ɗalibi cewa hadda ta fi fahimta riba, kuma ba wawa ba ne, zai bi riba. A sa ko da tambaya ɗaya ce da ba ta da ƙa'idar da za a juye, wadda sai an yi tunani. A kawo misalai daga rijiya da rumbu da tankin ruwa na saman bene, ba kullum tsani yana zamewa a jikin bangon da yaro bai taɓa gani ba. Wanda kuma ke ɗaure makin tes da sayen handaut ɗinsa, ya sani yana ɓata sunan abokan aikinsa masu yawa da ba sa yin haka.

Kada kuma murnar waɗanda suka haye ta mantar da mu waɗanda suka faɗi. Suna da yawa, kuma ba a jin muryarsu. Mai kariyoba yakan ɓoye wa gida, lakcarsa ta maimaici ta ci karo da ta sabon ajinsa, ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya, ya sake faɗuwa. Wasu daga nan suke canza sashe, wasu su bar karatun gaba ɗaya suna ganin Allah bai ba su kan lissafi ba, alhali gibin aljabara ne na aji huɗu na sakandare da ba a taɓa cike musu ba. Sau da yawa ba kalkulas ne ke kayar da yaro ba, raba kashi ne da buɗe baka. Sashen da ya ware wa waɗannan aji nasu na daban, ƙarami, da wanda zai koma da su baya kaɗan ba tare da gori ba, zai ga abin mamaki. Iyaye kuma, idan yaro ya yi ƙarfin halin faɗin gaskiya, a tambaye shi inda ya tsaya kafin a tambaye shi kuɗin da aka kashe.

Hukumomi sun yi abin a yaba. Duk wanda ya zaga jami'o'inmu ya ga zaurukan da asusun TETFund ya gina, kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Kwali a Abuja ta daɗe tana horar da malamai da shirya gasa. Sai dai zaure mai kujera dubu ba ya koyar da lissafi. Lissafi a ƙaramin rukuni ake koyonsa, inda wani zai tsaya a kanka ya ga inda alƙalaminka ya karkace. Ɗan alawus ga ɗaliban digiri na biyu su riƙa jan rukunin mutum 30 ko 40 kowane mako bai kai kuɗin fentin zauren ba. Masu hannu da shuni na garuruwanmu, da ke raba babura da kujerun Makka a wasu gasanni, kuma Allah ya ƙara musu, me zai hana ɗaya daga cikinsu ya ɗauki nauyin kyautar shekara-shekara ga yarinyar da ta fi kowa maki a MTH 102, ko ga ɗalibin da ya fi kowa yi wa ƙannensa tutoriyal?

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai. Ba baƙi ba ne mu a harkar lissafi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi, wanda kowane layi nasa ke ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Ba kalkulas ya rubuta ba, kada mu yi wa tarihi ƙari, amma ya nuna cewa zauren malamanmu ya san hisabi tun kafin zuwan boko. Yau ga mu da dubban matasa da suka haye kalkulas, amma bayanin da ya fi shiga kan yaro, irin wanda aka yi mini a gindin darbejiya, yana mutuwa ne a inda aka faɗe shi. Ba cewa nake a daina jarrabawa da Turanci ba. Cewa nake a rubuta bayanin da Hausa, a ɗauke shi a bidiyo, a tura a WhatsApp da YouTube yadda ake tura wa'azi da barkwanci. Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ce ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Idan malaman lissafi suka zauna da masana harshe irin waɗannan suka daidaita kalmomi talatin ko arba'in, me za mu ce wa limit, me za mu ce wa fankshan, me za mu ce wa gangarar layi, sauran aikin matasa za su ɗauke shi. Ni da na ce lissafin saurin canji da lissafin tarawa, lalube ne na yi. Wanda ya fi ni sani ya gyara.

Ga waɗanda suka haye bana kuwa, hutu na tafe. A garinku akwai sakandaren da kuka fito, kuma 'yan aji shida na can ba su taɓa ganin dy/dx ba. Idan lokacin bautar ƙasa ya zo aka tura ku makaranta, kada ku nemi a canza muku wuri kafin ku shiga ajin ku ga yaran. Da an koma makaranta kuma, sababbin 'yan aji ɗaya za su iso da jakunkunansu, kuma a kujerar can baya za a samu wani ɗan aji biyu da ya sunkuyar da kai don kada a gane shi. Wani cikinku ya je ya tambaye shi ko yana da lokaci bayan la'asar.